Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo: Malam Abdullahin Gwandu da lissafin karatunsa

Idan aka ambaci Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda muka fi sani da Abdullahin Gwandu, abin da ke fara faɗo wa yawancinmu a rai shi ne yaƙi. Tun a firamare aka gaya mana shi ne ƙanen Shehu Usmanu, shi ya ja rundunar jama'ar Shehu a Tafkin Kwatto a 1804, shi aka damƙa wa yammacin daular Sakkwato. Duk haka ne. Amma ni a wannan fitowa ta mujallarmu ba ta wannan ƙofa nake son mu shiga tarihinsa ba. Akwai wani ɗan littafi da ya rubuta a shekarar 1227 bayan Hijira, wato 1812, mai suna Ida'un Nusukhi. 'Yan warƙoƙi ne, ba su kai kaurin handawut ɗin kwas guda ba. A ciki, mutumin da ke da shekara wajen 46, wanda malaman zamaninsa suka riga suka sallama masa, ya zauna ya jera abin da ya karanta tun yana yaro. Littafi kaza wurin malam wane, fanni kaza wurin wane, wannan shi ya karanta da bakinsa, wancan kuwa saurare ya yi. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ba shi maki. Shi ya yi lissafin karatunsa da hannunsa ya bar wa na baya.

Mu da muke shirin ajiye biro a ƙarshen wannan zango, mu karɓi takarda mai ɗauke da haruffa da lambobin da wasu suka ba mu, ina ganin ya dace mu san wannan bawan Allah ta wannan fuska.

An haife shi a shekarar 1180 bayan Hijira, wadda ta faɗa tsakanin 1766 da 1767, cikin zuri'ar Toronkawa da ke zaune a ƙasar Gobir. Sunan mahaifinsu Muhammadu, ana yi masa laƙabi da Fodiyo, kalmar Fulatanci mai nufin malami masani. Mahaifiyarsu Hauwa'u. Shi da Shehu uwa ɗaya uba ɗaya suke, Shehu ya girme shi da shekara 12. A Degel gidan ya zauna, kuma wurin mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka miƙa shi ga yayansa, wanda a lokacin saurayi ne ɗan shekara 25 da ya riga ya fara wa'azi.

Abin da ya karanta wurin Shehu duk ya lissafa. Akwai Ishiriniya da Witiriyya, da waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida na farko, waɗanda ake koyon asalin lugga da su. A nahawu akwai Ajurumiyya da Mulha da Ƙaɗrun Nada. A fiƙihu akwai Ahalari da Ishmawi da Risala. A tauhidi ya bi littattafan Sanusi da sharhohinsu, har ya nuna cewa da wuya wani littafin tauhidi ya shigo ƙasarsu ya ji labarinsa bai kwafe shi ba. Tafsiri kuwa, daga Fatiha zuwa Nasi, ya ji shi daga bakin Shehu sau da yawa har bai iya ƙidaya ba.

Duk wanda ya taɓa naɗe ƙafa a zauren malami a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya san waɗannan sunaye, domin har gobe su ake karantawa, kusan bisa wannan jeri. Kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, saboda sai mutum ya gane yadda karatun zaure yake tafiya kafin ya gane dalilin da ya sa ɗalibinsa zai iya rubuta littafi irin wancan.

A zaure babu aji. Bayan sallar Asuba ko La'asar mutane su kewaye malam, kowa da littafinsa. Wani yana Ahalari, na kusa da shi yana Muhtasar, ga dattijo can mai furfura ya dawo Risala karo na biyu. In layi ya zo kanka, kai za ka ja baƙi, malam yana fassarawa yana warwarewa. Galibi kai ne za ka tsaya inda ka ji kanka ya ɗauka. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ya ci shafi, wani layi uku ya ishe shi, ba mai yi wa wani dariya. In an tashi ka nemi wanda ya fi ka ya yi maka bita. Ranar da ka sauke littafi, ba wata takardar jarrabawa da za a raba. Kai za ka tambayi kanka, shin na riƙe shi ko dai na wuce ta kansa ne? In ka ga da saura sai ka maimaita, ko wurin malamin nan ko ka ɗauki buzunka ka tafi wani gari wurin wanda aka ce ya fi ƙwarewa a wannan littafi. Tun daga makarantar allo ma haka tarbiyyar take. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya, kuma kafin ya je gaban malam zai kifa allon a cinya ya gwada kansa, in ya ci tuntuɓe ya juyo ya leƙa ya sake. Gardi mai rubutun satu ya rubuta da ka, ya kai allonsa wurin darasu, a karanta a gaban sauran gardawa, wasali ɗaya in ya kauce sai wani ya cafke. Wato ɗalibi da 'yan'uwansa da malami duk suna da hannu a awon.

Ban ce tsarin ba shi da aibu ba. Malalaci yana iya shekara goma a littafi ɗaya ba mai ce masa kanzil, kuma wanda bai da kunya yana iya cewa ya sauke abin da bai sauke ba. Amma tsari ne da ke tilasta wa mai gaskiya ya san matsayinsa, tunda ba wanda zai sanar da shi.

Abdullahi ya yi irin wannan yawo sosai. Nahawu bai tsaya a abin da ya samu wurin Shehu ba, ya bi wasu malamai, har Alfiyyar Ibnu Malik ya karanta ta wurin fiye da mutum ɗaya. Ya nemi balaga wurin masu ita, ya nemi aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, ya nemi manɗiƙi. Usulul fiƙihi kuwa ya kai shi har gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, babban malamin nan da shi kansa Shehu yake tinƙaho da shi, inda ya bi littattafai irin su Kaukabus Saɗi'i na Suyuɗi da Jam'ul Jawami'i, ya kuma karɓi ijaza. Da ya zo ƙarshen lissafin sai ya nuna cewa malaman da ya amfana da su sun fi ƙarfin ƙidaya, domin sau da yawa baƙo zai sauka daga gabas ko daga yamma, malami ko ma ɗalibi, ya tsinci wani abu a wurinsa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun Sahihul Buhari. A wajajen 1201 bayan Hijira, kamar 1786 ke nan, su biyun suka je wurin kawunsu Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda ya yi Hajji ya dawo da isnadin hadisi. Abdullahi ya rubuta cewa Shehu ne ya karanta littafin gaba ɗaya, shi kuwa yana zaune yana saurare, sannan kawun ya ba su ijaza. Ku duba fa. A lokacin da yake wannan rubutu shekara 26 sun wuce, shi ne waziri, shi ne malamin malamai. Da ya ce kawai ya karanta Buhari wurin wane, wa zai ja da shi? Amma ya bambanta karatun da ya ja da bakinsa da wanda ya halarta da kunnensa, domin a wurin malaman hadisi kowanne da matsayinsa. Mu yanzu in aka ce mu cike takardar neman aiki, kwas ɗin da muka leƙa ta taga ma cewa muke mun ƙware.

Shehu ma yana da irin tasa hanyar gwada ɗalibi, kuma ba a ɗaki a kulle yake yin ta ba. Lokacin da suka shiga ƙasar Zamfara yawon wa'azi, inda suka yi kimanin shekara biyar, wani malami daga Barno da ake kira Gwani Mustafa ya aiko wa Shehu da waƙar Larabci, yana yi masa maraba, yana kuma neman ya hana mata zuwa wurin wa'azinsa saboda cakuɗuwa da maza. Shehu bai amsa da kansa ba, sai ya tura wa ƙanensa. Abdullahi ya mayar da amsa da waƙa bisa ma'auni da amsa-amon waccan, yana kafa hujja cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wancan abin da ake gudu muni. Shekarunsa a lokacin ashirin da 'yan kai, wato sa'anmu ne. Jarrabawa ke nan da duk wanda ya iya Larabci a ƙasar zai iya duba takardar, kuma shi mai amsawar ya san ƙa'idar da za a auna shi da ita tun kafin ya ɗauki alƙalami.

Zamfara ɗin nan ba nesa take da mu ba. Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da ya wuce 'Yankara ya shiga ƙasar Tsafe, ga 'Yandoto nan gaba kaɗan, garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadi, kuma wanda daga baya rundunar Muhammadu Bello ta ci da yaƙi. Wannan wani dogon zance ne na daban.

Labarin jihadi kun san shi, ba zan ja shi ba. Dangantaka ta ɓaci tsakanin jama'a da sarakunan Gobir, ta kai maƙura a zamanin Yunfa. A Fabrairun 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, kuma Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a. A watan Yuni ya jagoranci nasarar Tafkin Kwatto. Ƙarshen shekarar aka sha kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 ya ja rundunar da ta ci Birnin Kabi, a shekarar kuma aka sake shan wuya a Alwasa.

Abin da ya biyo baya shi ne ba a cika gaya mana a aji ba. A wajajen 1807, ana tsakiyar samun galaba, sai Abdullahi ya dubi jama'ar da ya taimaka aka gina, ya ɗora ta a kan ma'aunin da suka fito da shi tun farko, ya ga ba ta cika ba. Mutanen kirki da yawa sun kwanta dama a fagen fama. Waɗanda suka rage, a ganinsa, da yawansu hankalinsu ya koma kan mulki da ganima da ƙwarƙwarori da tufafin ƙawa da dawakin sukuwa a gari. Bai kuma cire kansa daga cikin zargin ba, ya ji tsoron kada shi ma ruwan ya ci shi. Sai ya bar rundunar, ya kama hanyar gabas da 'yan mutane kaɗan da niyyar zuwa Makka da Madina. Da ya iso Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen gari suka tare shi suka roƙi ya zauna ya koya musu yadda za su tafiyar da shari'a da mulki. Ya ga abin da ya gudo dominsa akwai shi a nan ma. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, daga nan ya fasa tafiyar ya koma gida. Duk wannan shi da kansa ya ba da labarinsa a Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tara waƙoƙinsa a ciki a 1813, yana bayyana dalilin kowace waƙa da halin da yake ciki lokacin da ya yi ta. Ni a ganina hannun da ya rubuta cewa Buhari saurare ya yi, shi ne dai hannun da ya rubuta wannan. Wanda ya saba gaya wa kansa gaskiya a kan littafi, ba zai kasa gaya wa kansa ita a kan mulki ba.

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Shehu ya koma Sifawa, Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga, kuma a 1812 aka raba kula da ƙasa, gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. A shekarun nan ne saɓanin fahimta ya fito fili tsakaninsa da yayansa kuma malaminsa, a kan abubuwa irin su amfani da laƙabin sarauta, da kaɗe-kaɗe, da sanya kayan ado ga shugabanni. Abdullahi ya tsananta, Shehu ya sassauta, kowa ya rubuta hujjarsa. Duk da haka Shehu ya shawarci jama'a su riƙa karanta littattafan ƙanensa, saboda tsayuwarsa a kan zahirin shari'a. Malami ke nan da bai ɗauki gardamar ɗalibinsa a matsayin raini ba. A wannan shekara ta 1812 ce kuma aka rubuta ɗan littafin da na fara da shi.

To, bari in dawo gida, in faɗi abin da ya sa wannan littafi ya dame ni.

Mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da muka gama sakandare a tsakanin 2020 da 2022, karatunmu ramuka gare shi. A 2020 korona ta rufe makarantu wata da watanni. Ana cikin murnar komawa, ranar 11 ga Disamba 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, namu uku duk suna ciki, sai bayan watanni aka maido. Wasu iyayensu sun yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Katsina, yaro ya canza makaranta sau biyu a shekara. Amma jarrabawar fita ba ta jira kowa ba. Ta zo, aka rubuta, sakamako ya fito, muka shigo nan da kiredit biyar kamar kowa. Takardar ba ta nuna cewa wane bai taɓa riƙe kwalbar gwaji a ɗakin kimiyya ba, ko wance an tsallake mata babi huɗu a lissafi. Malamin da ya karɓe mu a shekarar farko ba shi da hanyar sani, tunda aji ya cika maƙil. Mutum ɗaya ne ya san inda ramin yake, shi ne ɗalibin, kuma shi ne ba a taɓa tambaya ba. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba wai ba a auna mu ba ne. Awo kam muna shan sa. Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka shigo da tsarin auna fahimta a kai a kai, don kada rayuwar yaro ta rataya ga jarrabawar rana ɗaya, kuma shi ne asalin wannan C.A. da muke ta fama da shi. Sai dai yadda abin ya zama a makarantu da yawa, ƙaramar jarrabawa ce kawai kafin babba. A yi tes, a karɓe takardu, bayan makonni a liƙa lamba a allo. Ka ga 11 cikin 20. Tara ɗin nan da ka rasa, a ina suka zube? Takardar ba ta dawo hannunka ba balle ka gani. Haka za ka shiga babbar jarrabawa da kuskuren da ka yi a tes, ka sake shi, in an yi rashin sa'a ya zama kariyoba.

Masana ilimi na zamani sun daɗe da magana a kan wannan. A 1998 wasu malamai biyu na Kwalejin King's da ke Landan, Paul Black da Dylan Wiliam, suka bi nazarce-nazarce kimanin 250 a kan awon da ake yi a cikin aji. Suka ga cewa awon da ke dawo wa ɗalibi da bayanin inda ya kauce, tun karatu bai ƙare ba, yana ɗaga fahimta ƙwarai, kuma masu rauni su suka fi cin moriyarsa. Suka kuma nuna cewa ɗalibi yana iya auna kansa da gaskiya, amma sai in ya san abin da ake so ya kai gare shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zaure ya cika ba tare da ya sa masa suna ba. Mai karanta Risala ya san iya Risala: ya ja baƙi ba gyara, ya fassara, in an kawo mas'ala ya nuna babinta. Mu kuwa sau nawa aka nuna mana yadda amsa mai cikakken maki take kafin a ce mu rubuta?

Na san abin da wasu malamanmu za su ce, kuma suna da hujja. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In aka ce ɗalibi ya ba kansa maki, ajinmu kaf ba mai samun ƙasa da A. Ga misali a hannu ma, littafin SIWES. Shi ne wuri ɗaya tak a karatun difloma da aka ce ɗalibi ya rubuta da hannunsa abin da ya koya kowace rana, mai kula da shi ya sa hannu. Kowa ya san yadda wasu ke cika shi: a mako na ƙarshe, a zaune a ɗaki, ana kwafar na aboki, har na'urar da mutum bai taɓa kunnawa ba sai ya rubuta ya gyara ta. Me ya sa? Saboda maki na rataye da shi. Da zarar ka ɗaura maki a kan faɗin gaskiya, ka kashe ta. Abdullahi ya iya rubuta cewa saurare ya yi domin ba abin da za a rage masa.

Saboda haka ni ba maki nake nema a ba mu mu raba wa kanmu ba. Maki ya zauna a hannun malami, kamar yadda ijaza take a hannun shehi. Abin da nake roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai ta kai gaban hukumar makaranta ƙarami ne. A riƙa maido mana da takardun tes, a ware ko rabin awa ne a bi amsoshin tare, kowa ya duba tasa ko ya yi musaya da na kusa da shi, yadda gardawa ke yi a darasu. Sannan a tsakiyar zango, kowane ɗalibi ya ɗauki jerin batutuwan kwas ya rubuta a gaban kowanne ko zai iya shi shi kaɗai, ko sai da taimako, ko kuwa jin sa kawai ya yi. Ba suna, ba maki. Wakilin aji ya tattara ya miƙa. Malamin da ya ga mutum 60 cikin 90 sun ce batu kaza jin sa kawai suka yi, ya san inda zai koma kafin lokaci ya ƙure. Ko kwabo ba za a kashe ba.

Wani zai ce malami mai daraja ba zai sauko don ɗalibai sun ce ba su gane ba. To ga abin da Abdullahi ya yi. A 1231 bayan Hijira, wajajen 1816, ya kammala babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961, kuma har yau ana karanta shi a masallatai da azumi. Aiki ne na ƙwararru. Ya kawo saɓanin ƙira'o'i, ya kawo ra'ayoyin mazhabobi, ya shiga nahawu da balaga. Mutum zai iya rubuta wannan ya harɗe ƙafa, ya ce wanda bai gane ba shi ya so. Shi kuwa da ya lura littafin ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi, sai ya sake zama, bayan kamar shekara bakwai, ya rubuta wani tafsirin mai suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan, wanda sunansa ma yake nuna don masu rauni na ƙasar nan aka yi shi. Ya taƙaita a kan ruwayar Warshu, wadda da ita yaran ƙasar Hausa ke karatu a allo, da kuma mazhabar Malikiyya da suke bi. Alƙur'ani guda, malami guda, tafsiri biyu, domin ya duba inda masu karatunsa suka tsaya.

Tsakanin tafsiran nan biyu ya sha jarrabawar da ta fi ta littafi zafi. Shehu ya rasu a Sakkwato a Afrilun 1817, aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ruwayoyi sun nuna cewa da Abdullahi ya taso daga Boɗinga ya tarar an rufe ƙofar gari. Shi ne babba, shi ne waziri, shi ya fara mubaya'a a Gudu, kuma Bello ɗan ɗan'uwansa ne, ɗalibinsa ne ma. Bai ɗaga takobi ba, ya juya ya tafi Gwandu. Aka yi 'yan shekaru ba a ga maciji. Sai tawaye ya taso masa a Kalambaina, ya gagara, Bello ya taho da runduna aka ci garin tare. A nan suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi.

Daga nan ya janye jiki daga harkar mulki, ya bar ta a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan Shehu, Muhammadu Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya bar littattafai masu yawa a tafsiri da fiƙihu da siyasar shari'a da tasawwufi, ga Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, dukansu a waƙe, baitoci dubbai in an haɗa. Ya rasu a Gwandu a 1245 bayan Hijira, wajajen 1829, yana da shekara sittin da 'yan kai, kuma can kabarinsa yake. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, sarakunan Gwandu na yau zuri'arsa ne. Shi kuwa Ida'un Nusukhi, wani Bature mai suna Mervyn Hiskett, wanda ya koyar a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ya buga shi da fassarar Turanci a 1957, kuma daga cikinsa ne masu tarihi suka samo mafi yawan abin da suka sani game da malaman Shehu Usmanu kansa, domin kafin Abdullahi ya jera nasa malaman sai da ya fara jera na yayansa. Allah Ya jiƙansu da rahama.